Wanda Aka Sara Ba Shi da Uwa Ne? Iyali da Tashin Hankali a Fina-finan Laifi da Bin Sawu

Takardar da aka gabatar a zaman masu nazarin fim da adabin Hausa, Fidjrossè, Kwatano, Jamhuriyar Benin

Tsakure

Takardar nan ta dubi yadda fina-finan laifi da bin sawu suke nuna abin da tashin hankali ke yi wa iyali. Ta ɗauki The Milkmaid, wanda aka yi da Hausa a 2020, ta auna shi da Blood Diamond na 2006 da A History of Violence na 2005, sannan ta waiwayi fina-finan daba na Kano da dokokin da hukumar tace fina-finai ta kafa musu. Abin da take son tabbatarwa shi ne, mai fim ɗin Hausa ya aro ɗan sanda da ɗan ta'adda daga waje, ya bar masu jini a gida, alhali a al'adarsa da addininsa su ne tsakiyar maganar kisa.

Gabatarwa

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mai takardar nan ya tsaya a shagon wani mai tura fina-finai a waya a Zangon Kwatano. Samari biyar sun duƙufa a kan waya ɗaya suna kallon wani fim ɗin daba na Kano. An rutsa wani yaro a lungu, an sassare shi, 'yan daban sun watse, kiɗa ya tashi, kyamara ta bi su zuwa kangon da suke taruwa. Wata dattijuwa da ke zaune a benci tana jiran a zuba mata wa'azi a wayarta ta leƙo ta ce da mai shagon, "Ɗan nan, shi wannan da suka sassara, ba shi da uwa ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna, ai fim ne."

Ta ce, "Na san fim ne. To ko a fim ɗin, wa zai je ya faɗa mata?"

Babu wanda ya amsa, kuma fim ɗin ma bai amsa ba, domin har aka cinye kashin ba a sake waiwayar lungun ba. Tambayar dattijuwar nan ita ce tambayar wannan takarda, sai dai an yi mata kwalliyar ilimi.

Abin da ake nufi da fim ɗin laifi da bin sawu a nan shi ne fim ɗin da aka gina a kan kisa ko fashi ko satar mutum, aka riƙe mai kallo da fargabar abin da zai biyo baya: wa ya yi, za a kama shi, wa zai rama. A bisa al'ada irin wannan fim yana da ƙafa biyu, mai laifi da mai binsa. Iyali kuwa yakan shigo ne a matsayin dalili: a kashe matar jarumi a minti na goma don a samu hujjar harbe-harben awa ɗaya da rabi. Fina-finan da takardar ta zaɓa su ne waɗanda suka ƙi wannan sauƙin, ko suka yi ƙoƙarin ƙinsa.

Me ya sa a Kwatano?

Bahaushen Kano ko Katsina ya san sunan garin nan tun kafin ya gan shi, domin mota ce ta kai masa sunan. Duk motar da aka sauke a tashar jirgin ruwa aka bi da ita ta iyaka, 'yar Kwatano ce. Hanyar da ta kai mota arewa ita ta kawo mutane kudu: daga Maraɗi da Birnin Ƙonni da Dosso, a tsallake kogi a Gaya zuwa Malanville, a biyo ta Kandi da Parakou har bakin teku. Zango ya tara Hausawa da Dendawa da Zabarmawa da Yarbawa Musulmi, kuma kusan kowane gida a cikinsa rabinsa yana wani gari. Mai sayar da kayan gyaran mota yana nan, mahaifiyarsa tana Illela. Mai kai albasa kasuwar Dantokpa yana nan, matarsa ta fari da 'ya'yanta suna Madawa.

Don haka mutumin Zango ba kasafai yake ganin wuƙar da ido ba. Saƙon murya yake samu a WhatsApp da asuba, a ce masa an shiga ƙauye, an tafi da wane, ana neman kaza. Shi ne zai bi abokan sana'a a haɗa sefa, a canza zuwa naira, a tura. Tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da aka rufe gadar Malanville, wanda zai je ta'aziyya sai ya shiga kwalekwale. Arewacin Benin ɗin kansa bai tsira ba: a Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu 'yan yawon buɗe ido a gandun dajin Pendjari aka kashe ɗan jagoransu, kuma a Afrilun 2025 gwamnati ta tabbatar da mutuwar sojoji 54 a harin da aka kai yankin gandun dajin W. Gidaje 54 ke nan aka shimfiɗa tabarmar makoki.

Labarin laifin ƙetare iyaka ma ba baƙo ba ne a nan. A Agustan 2003 Shugaba Obasanjo ya rufe iyakar Nijeriya da Benin na 'yan kwanaki saboda fashin motoci, har sai da suka zauna da Shugaba Kérékou, kuma sunan da ya cika jaridu a lokacin shi ne na Hamani Tidjani, ɗan asalin Nijar mazaunin Kwatano da aka zarga da jagorancin harkar. An ƙirga motoci, an ƙirga kwanakin rufe iyaka da asarar 'yan kasuwa. Gidajen direbobin da aka harbe a kan hanya ba su shiga lissafin da jama'a suka riƙe ba.

Masuncin Kwatano a Saliyo

Duk wanda ya fito bakin tekun Fidjrossè da hantsi, inda hanyar masunta ta miƙe zuwa Ouidah, zai ga maza sun yi layi suna jan koma da waƙa. Ɗan garin nan da ya fi kowa suna a fim, Djimon Hounsou, wanda aka haifa a Kwatano a 1964, a matsayin masunci duniya ta fi tuna shi. A Blood Diamond, wanda Edward Zwick ya ba da umarni, ya fito a Solomon Vandy, masuncin Saliyo da 'yan tawayen RUF suka auka wa ƙauyensu a 1999. An kai shi haƙar lu'ulu'u a dole, matarsa da 'ya'yansa mata sun ƙare a sansanin gudun hijira a Gini, ɗansa Dia kuma an ɗauke shi an ba shi bindiga da ƙwaya. Rawar ta kai Hounsou ga takarar kyautar Oscar.

Akwai fitowa guda a fim ɗin da ta cancanci a tsaya a kanta. Uban ya gano ɗansa, amma yaron ya ɗaga bindiga ya saita shi. Solomon bai yi kokawa ba, bai yi wa'azi ba. Ya dinga matsowa a hankali yana lissafa wa yaron abin da ya bari a gida: sunan zuriyarsu, mahaifiyarsa da abincin da take dafa masa, 'yar'uwarsa, dabbobin da suka saba da shi, makarantar da yake so. Da ƙananan abubuwan tsakar gida ya karɓe bindigar. Wannan fahimta ce ta gaske game da abin da masu ɗaukar yara yaƙi suke yi, domin kafin su koya wa yaro harbi sai sun raba shi da sunansa.

Sai dai fim ɗin ba na Solomon ba ne, na Danny Archer ne, ɗan fasa-ƙwaurin da Leonardo DiCaprio ya fito a matsayinsa. Iyalin masuncin tsani ne da Baturen ya taka ya wanke kansa kafin ya mutu a kan dutse. Da Dia ya sauke bindiga, labarinsa ya ƙare a wurin masu fim. Yadda zai kwana a ɗaki ɗaya da ƙannensa, da yadda uwarsa za ta dubi hannun da ya kashe mutane yana ɗibar abinci a kwanonta, ba a ba su ko minti ɗaya ba. A ganin mai takardar, a nan ne fim ɗin ya kamata ya fara.

Faranti a kan tebur

Wanda ya yi wannan aikin shi ne David Cronenberg, ɗan Kanada, a A History of Violence. Tom Stall, wanda Viggo Mortensen ya fito a matsayinsa, mai gidan abinci ne a wani ƙaramin gari na jihar Indiana a Amurka, mutumin kirki da mata da 'ya'ya biyu. Wasu 'yan fashi biyu suka shigo masa da dare, ya kashe su cikin ƙiftawar ido, talabijin ta mai da shi gwarzo. Hoton nan ne ya jawo wani mai tabo a ido daga Philadelphia, ya zauna a shagon yana kiran sa da wani suna daban, Joey. Ashe mutumin kirkin tsohon makashi ne da ya canza gari ya canza suna.

Harbe-harben fim ɗin gajeru ne, kuma munana da gangan. Inda Cronenberg ya kashe lokacinsa shi ne cikin gidan. Ɗan Tom, Jack, wanda a da yake kauce wa mai cin zalinsa a makaranta da barkwanci, bayan ya ga an yi wa babansa kirari sai ya yi wa yaron dukan da ya kai shi asibiti. Da uban ya yi masa faɗa, ya mayar masa da magana, uban ya ɗauke shi da mari. Ba a daɗe ba yaron ya harbe mutum a ƙofar gidansu don ya ceci uban. Matar kuwa, Edie, wadda lauya ce, ta yi wa ɗan sandan garin ƙarya don ta rufa wa mijinta asiri, sannan ta juyo ta kasa haɗa ido da shi. Ba wanda ya taɓa ta daga waje, amma ta wayi gari ba ta san sunan da 'ya'yanta suke ɗauke da shi na waye ba.

A ƙarshe Tom ya je Philadelphia ya kashe yayansa, ya dawo gida ya tarar ana cin abincin dare. Babu wanda ya ce uffan. 'Yar ƙaramar ta sauka daga kujera ta ɗauko faranti ta ajiye a mazauninsa. Jack ya tura masa kwanon nama. Matar ta ɗago kai, idonta ya cika da hawaye, fim ya ƙare.

Mai kallo Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan, ko da yake gidansa ba a cin abinci a tebur ɗaya. Yana da nasa alamomin, kuma sun fi na Ba'amurke yawa. Maigida ya yi sallama a zaure, wa ya amsa, kuma da wace murya? Yarinya ta kawo masa ruwa a kwanon sha ta durƙusa, ko an aiko almajirin gidan? An rufe tuwonsa da faifai an ajiye a inda aka saba, ko ya tarar an kwashe an wanke tukunya? Uwa ta daina ɓoye sunan ɗan farinta ta kira shi gatsau a gaban mutane: duk Bahaushe ya san an kai maƙura. Waɗannan kayan aiki ne da ba sa cin ko sisin kwabo, kuma suna zube a kowane gida.

Tallar nono da takardar naira goma

A fina-finan da aka yi da Hausa, wanda ya fi kusantar wannan mataki shi ne The Milkmaid. Desmond Ovbiagele, tsohon ma'aikacin banki wanda ya fara da rubuta fim ɗin laifi mai suna Render to Caesar a 2014, shi ya rubuta ya ba da umarni. Ya sha faɗin cewa hoton 'yan matan Fulani biyu masu ɗauke da ƙwaryar nono da ke bayan takardar naira goma ne ya tsaya masa a rai: idan rikicin arewa maso gabas ya faɗa wa waɗannan biyun, me zai same su? An ɗauki fim ɗin a jihar Taraba. Anthonieta Kalunta ce A'isha, Maryam Booth ce ƙanwarta Zainab, Gambo Usman Kona kuma shi ne Dangana.

Wani zai ce ai wannan fim ɗin ta'addanci ne, ba na laifi da bin sawu ba. Amma ƙashin bayansa bin sawu ne: an sace mutum, wani ya bazama nema. Bambancin shi ne mai neman ba ɗan sanda ba ne, ba soja ba ne, yaya ce. Mahara sun tarwatsa ƙauyensu, an raba 'yan'uwan, A'isha ta ƙi haƙura har ta kai kanta hannun waɗanda suka yi ɓarnar. Can ta tarar da abin da babu ɗan sandan da zai iya magancewa: Zainab tana raye, amma ta zama matar gidan, ta karɓi aƙidarsu, tana kallon yayarta kamar baƙuwa.

Wannan shi ne ƙarfin fim ɗin. Mai kallo ya shigo da tsammanin ceto, sai aka nuna masa cewa wadda za a ceta ba ta jiran kowa. Maryam Booth ta taka rawar da fuska a ɗaure, ba ihu, ba zare ido irin na bos ɗin fim, kuma hakan ya fi ban tsoro. Duk wanda ya bi labarin matan da aka kuɓutar daga dajin Sambisa ya san matsalar ba ta ƙarewa ranar da aka sauke su daga motar soja. Akwai wadda ta dawo da goyo dangi suka ƙi ɗaukar yaron, akwai wadda unguwa ta laƙaba wa suna, akwai ma waɗanda suka koma da ƙafarsu.

A bikin AMAA na 2020 fim ɗin ya ci kyautuka biyar, ciki har da gwarzon fim na shekara da kyautar mataimakiyar jaruma ga Maryam Booth. Shi Nijeriya ta miƙa wa Oscar, shekara guda bayan an cire Lionheart na Genevieve Nnaji saboda Turanci ya yi masa yawa. Kafin ya fita kuma, hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta sa an yanke kusan minti 24 daga cikinsa, mafi yawa abin da ya shafi sutura da kalaman addini.

Yana da rauninsa. Mai kunnen Hausa zai ji wurare da maganar ta fito kamar an fara tunaninta da wani harshe, kuma kyawun tsaunukan Taraba wani lokaci yakan janye ido daga mutanen. Babban abin takaicin shi ne ya fi yawo a bukukuwan fina-finai fiye da wayoyin Zango. Samarin shagon nan biyar, babu wanda ya taɓa jin sunansa.

Daba a YouTube, almakashi a Kano

Abin da suka sani shi ne A Duniya na Tijjani Asase da ire-irensa, kuma sun san Daddy Hikima da sunan Abale fiye da sunansa na yanka. Waɗannan fina-finai masu dogon zango sun taso ne lokacin da kasuwar faifai ta mutu, masu fim suka koma YouTube, inda yawan masu kallo yake zama kuɗi. Bai kamata a raina su ba. Sun kamo bakin 'yan daba da tafiyarsu da tsarin girma a tsakaninsu fiye da yadda wani littafi ya yi, kuma abin da suke nunawa yana nan a ƙasa: daba a Kano, ƙauraye a Katsina, sara-suka a Bauchi da Jos, kalare a Gombe, 'yan fale a Damagaram. Masana irin su Abdulkarim Ɗan'asabe da Y. Z. Ya'u sun daɗe da bin asalin daba zuwa ga 'yan tauri da mafarauta, da bangar siyasa tun zamanin NEPU da NPC, da kuma talaucin da ya biyo bayan tsuke bakin aljihu na shekarun 1980.

Matsalar ita ce inda kyamara take kwana. Tana kwana a daba. Uwa takan fito, amma don ta yi kuka ta yi Allah ya isa ko ta yi nasiha, a ce an faɗakar, sannan a koma wurin wuƙa. Ba a bin ta ranar ziyara zuwa gidan yarin Kurmawa da kular abinci a hannu, ta tsaya a layi a caccaka tuwon da cokali a gabanta. Ba a nuna ƙanwar ɗan daba da manemi ya janye bayan an yi bincike, ko uban da ya daina zama a majalisar ƙofar gida ya koma sallar asuba a wani masallaci don kada ya haɗu da mahaifin yaron da ɗansa ya kashe. A unguwannin birni gidajen biyu sau da yawa lungu ɗaya suke, famfo ɗaya suke ɗiban ruwa.

Ba don masu kallo ba za su iya ɗauka ba ne. Jama'ar da ta yi shekara da shekaru tana cika silima don Mother India na 1957, inda uwa ta harbe ɗanta da hannunta, da Deewaar na 1975, inda uwa ta tsaya tsakanin ɗa ɗan fasa-ƙwauri da ɗa ɗan sanda, ba za a ce ba ta son labarin laifi ta fuskar uwa ba. Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi bayanin yadda fim ɗin Indiya ya zauna a zuciyar Bahaushe. Abin mamaki, Kannywood ta ɗauko rawa da waƙa daga can, ta baro wannan uwar. Wadda ta nuna ana iyawa ita ce Aïcha Macky, 'yar Damagaram, a fim ɗinta na gaskiya mai suna Zinder na 2021, inda ta shiga unguwar Kara-Kara ta zauna da 'yan fale da matan da suka ɗanɗana kuɗarsu, ta bar su suka yi magana da Hausarsu.

Hukuma kuwa da almakashi ta zo. Hukumar tace fina-finai ta jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sanar a Satumban 2021 ƙarƙashin Isma'il Na'abba Afakallah cewa ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim. A 2024, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, hukumar ta hana fina-finan daba da daudu. A Mayun 2025 aka dakatar da fina-finai masu dogon zango 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin ba su kai aikinsu an tace ba. Damuwar hukumar tana da tushe, domin duk wanda aka taɓa tare wa hanya da ɗan buda a Kano saboda waya ba zai so a mai da mai ƙwacen jarumi ba. Amma dokar ba ta bambance fim ɗin da ke yi wa wuƙa kirari da wanda ke bin jinin zuwa gida ba. Idan an hana a nuna sara, an hana a nuna uwar wanda aka sara. Kuma dokar Kano ba ta kai Zangon Kwatano ba, inda tsofaffin kashin suke nan a katin waya ana tura su a kan kuɗi kaɗan.

Masu jini

A fim ɗin Amurka, kisa laifi ne da aka yi wa hukuma. Shi ya sa ɗan sanda da lauyan gwamnati suke tsakiyar labari, iyali kuma suna zaune a bayan kotu. A fiƙihun Malikiyya da Bahaushe ya tashi a kai, lamarin ba haka yake ba. A kisan ganganci magana tana hannun waliyyan mamaci: su nemi ƙisasi, ko a daidaita a kan diyya, ko su yafe, kamar yadda aya ta 178 ta Suratul Baƙara ta buɗe ƙofa. Malamai sun keɓe kisan gilla, wanda aka yaudari mutum aka kashe shi don dukiyarsa, suka ce wannan ba ya karɓar afuwar dangi. Ke nan ko a cikin shari'ar akwai gardamar da za ta riƙe fim.

A duba abin da wannan yake ba marubuci. An kashe magidanci. Matarsa ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ga agogon labari an samu kyauta. Ranar sadakar uku dangin mai kisan sun aiko dattawa da limamin unguwa. Babban ɗa yana son jini. Ƙanin mamacin, wanda nauyin marayu ya dawo kansa, yana lissafin diyya amma yana kunyar a ce ya sayar da ɗan'uwansa. Tsohuwar da ta haife shi ta ce ta bar wa Allah, jikokinta suna ganin ta ci amanarsu. Kafin sadakar arba'in gidan ya rabu uku, ba tare da an sake zare wuƙa ba. Fargabar da fim ɗin bin sawu yake nema tana nan cikakkiya, sai dai tambayar ta tashi daga wa ya yi ta koma me za mu yi da shi.

Maƙwabcinmu ɗan Chadi, Mahamat-Saleh Haroun, ya gwada wannan a Daratt na 2006, wanda ya samu kyautar alƙalai ta musamman a bikin Venice. Gwamnati ta yi wa masu laifin yaƙi afuwa, sai wani kaka makaho ya miƙa wa jikansa Atim bindiga ya tura shi Njamena ya kashe wanda ya kashe ubansa. Yaron ya sami mutumin yana gasa burodi yana raba wa yara sadaka, ya shiga koyon aiki a wurinsa da bindigar a jikinsa. Kusan duk fim ɗin mutum biyu ne a gaban tanda. An yi shi a ƙasar da ba ta da masana'antar fim ko kwatankwacin ta Kano.

Kiran takardar ga marubutan Kannywood shi ne, a fim na gaba da za a sari yaro a lungu, a bar 'yan daban su gudu, kyamara ta tsaya tare da wanda za a aika gidansu. Ga hukumar tace fina-finai kuma, ta karanta labarin har ƙarshe kafin ta ɗauko almakashi, ta tambayi inda aka bi da jinin. Matasan Zango da Fidjrossè da ke ɗaukar bidiyo da waya ba sa ƙarƙashin dokar Kano, kuma saƙonnin asubar nan a gidajensu ake sauraron su. Su fara neman izinin iyayensu mata, sannan su kunna kyamara.